Rumfa Goma, Kowa a Tasa: Abin da Ranar Al'adu Take Ɓoyewa a Jami'o'inmu

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, ɗan ƙanwata da yake aji uku a wata jami'ar tarayya a nan Arewa ya gayyace ni bikin ranar al'adu da ɗalibai suka shirya. Na tafi da ɗoki, na dawo gida da abin da ya tsaya mini a rai har yau. An kakkafa rumfuna fiye da goma a filin wasanni, kowace ƙungiya da tata. Ga Tibi cikin tufafinsu masu ratsin fari da baƙi, ga Yarabawa an sha ashoke, ga Ibo da jajayen huluna, ga 'yan matan Kanuri cikin lafaya ƙamshin turaren wuta yana tashi, ga kuma namu an ci manyan riguna, har da wanda aka naɗa wa rawani mai kunne biyu aka ba shi sarautar yini ɗaya. Abinci kuwa ba a magana, daga sakwara da amala har gwate da ɗanwake.

Sai dai tun daga hantsi har la'asar kowa yana rumfarsa. Idan wata ƙungiya ta fito rawa, 'yan rumfarta ne kaɗai suke tafi, sauran suna danna waya suna jiran a zo kansu. Tsakanin fitowa da fitowa, mai saka kiɗa ya ƙure lasifika da waƙoƙin da ake ji a kowane gidan biki. Makaɗan kalangu uku da aka ɗauko daga cikin gari sun yi kiɗan da bai wuce minti goma sha biyar ba, aka sallame su, suka koma gindin wata darbejiya suka zauna.

Da muka zo wucewa ta rumfar Tibi, wani saurayi ya taso ya gaishe ni da Hausa tsantsa, har da durƙusawa. Ɗan ƙanwata ya ce abokin ɗakinsa ne, shekararsu uku tare. Da muka yi gaba na tambaye shi yadda ake gaisuwa da harshen Tibi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ai yana jin Hausa."

Wannan amsa ce ta sa na zauna rubutu. Tara ɗalibai daga ƙabilu daban-daban cikin katanga ɗaya ba shi ne cuɗanya ba, kuma ado da abinci na yini ɗaya ba su haifar da ita. Ɗalibin da yake ƙara wa jami'a wani abu na gaske ta wannan fuska shi ne wanda ya zauna ya koyi harshen wani, ya koyi waƙarsa ko kiɗansa, ya kuma iya koyar da nasa. Ina ganin ya kamata jami'o'inmu su ɗauki wannan a matsayin karatu mai maki, kuma ina ganin mu Hausawa ne ya fi dacewa mu fara, domin mu ne aka fi bi bashi.

Zumuncin da ƙafa ɗaya take yi

A takarda, ƙasar nan ta daɗe tana neman haɗa 'ya'yanta. Guraben karatu a jami'o'in tarayya ana raba su ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Shirin bautar ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, bayan yaƙin basasa, manufarsa ke nan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta ce kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Yarabanci da Ibo bayan harshensa na gida. Duk wanda ya yi makaranta ya san inda wannan magana ta tsaya. Ɗalibi yana shiga jami'a, ƙungiyar jiharsa za ta karɓe shi, sai ta ƙaramar hukumarsa, sai ta masallaci ko majami'a. Ban ga laifin baƙo ya nemi ɗan garinsu a makon farko ba, amma a ce shekara huɗu ta ƙare bai taka wata rumfa ba, wannan asara ce.

Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, kuma da yawa daga cikinsu a nan Arewa suke, a Filato da Taraba da Adamawa da Bauci da kudancin Kaduna. Yaron da ya taso a Biu yakan zo jami'a da Bura da Hausa da Turanci, wani lokaci har da Kanuri ko Fulatanci. Yaron da ya taso a Kano ko Katsina yakan zo da Hausa da Turanci, sai ɗan Larabcin Islamiyya. To idan suka haɗu a ɗaki ɗaya, wa yake zuwa wurin wa? Mun ce zumunta a ƙafa take, amma a wannan zumuncin ƙafa ɗaya ce take tafiya kullum, ɗayar tana zaune ana zuwa gaishe ta. Wanda kullum shi ne mai zuwa yana lura, ko da bai faɗa ba. Yana kuma lura da cewa a wasu ƙauyukan Bauci da makwabtanta yara sun daina jin harshen kakanninsu sun koma Hausa, mu kuma ko sunan harsunan ba mu sani ba.

Me ya haɗa kiɗa da harshe?

Abu ɗaya mai daɗi na gani a ranar, kuma ba ya cikin jadawalin bikin. Bayan la'asar, wani ɗalibi daga rumfar Yarabawa ya nufi gindin darbejiyar nan, ya tsugunna gaban babban makaɗin, ya ce, "Baba, ko za a ara mini in taɓa?" Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya miƙa masa. Yaron ya rataya kalangun a kafaɗa, ya matse shi a hammata, ya saki tsarkiya ya sake matsawa kamar mai gwada muryarsa, sannan ya buga wata jimla gajeriya. Tsohon ya gyara zama, ya karɓi kalangun yaronsa, ya mayar masa da amsa. Wannan ya buga, wancan ya amsa, har tsohon ya miƙe tsaye. Kafin a ankara, mutane sun baro rumfuna sun yi da'ira, waɗanda tun safe ba su tafa wa kowa ba suna tafi. Da suka tsaya, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan nan, wa ya koya maka?" Ya ce a gidan kakansa a Ogbomosho ya koyi gangan, kuma injiniyanci yake karantawa.

Abin da ya faru ba tsafi ba ne. Kalangu da gangan na Yarabawa 'yan uwa ne a ƙira: dukansu masu siririn ƙugu ne, da fata biyu da tsarkiya ta haɗa, idan an matse murya ta hau, idan an saki ta sauka. Dalilin da ya sa suke iya magana kuwa shi ne harsunan namu suna tafiya da karin sauti. Bahaushe ba ya rikita "kai" na jiki da "kai" da yake kiran mutum, domin muryarsa tana faɗuwa a ɗaya, tana tsayawa sama a ɗayan. A Yarabanci kalmar da baƙo zai ji kamar "oko" tana iya zama miji ko fartanya ko mota, gwargwadon hawan murya da saukarta. A Ibo "akwa" tana iya zama ƙwai ko kuka ko gado ko tufafi. Wanda ya koyi irin waɗannan harsuna daga takarda kawai zai yi ta faɗin abin da bai yi niyya ba, amma wanda ya fara da waƙa kunnensa ne yake fara buɗewa, domin a waƙoƙin gargajiya karin waƙa yakan bi hawa da saukar kalmomi. Shi ya sa nake haɗa biyun a magana ɗaya.

Kayan kiɗan kansu shaida ne cewa kakanninmu sun fi mu yawo a rumfunan juna. Gogen da muka sani shi ne Yarabawa suke kira goje, Dagomba na ƙasar Gana suke kira gonje. Kakaki ana busa shi a fadar Kano, ana busa shi a fadar Bida. Akwai kuma waɗanda ɗan Kano zai iya gama jami'a bai taɓa gani ba, kamar kundung na Birom da tsinza na Bura, waɗanda jerin itace ne da ake bugawa, da ƙahonin shanu a ƙarƙashi suna ƙara musu amo, alhali mai yiwuwa abokin ɗakinsa da jinsu ya girma.

Waƙa kuma tana ɗauke da abin da gaisuwa ba ta ɗauka. A cikinta ne za ka ji abin da al'umma take yi wa kuka, da yadda take kai amarya, da abin da take yabo ga namiji da mace. Ɗalibi Musulmi zai yi mamakin yawan waƙoƙin Hausa da matan zumunta suke rerawa a majami'u da kiɗan tukwane, da Hausar da ba ta da makusa. Ɗalibi Kirista kuma zai yi mamakin jin cewa abin da yake jiyowa da dare a watan Maulidi waƙa ce tsararriya mai ma'auni da amsa-amo, wadda aka zauna aka rubuta. Kowannensu yana jin sautin ɗan uwansa ta taga shekara da shekaru, bai taɓa tambayar me ake cewa ba.

"Karatu muka tura su yi"

Wannan ce maganar farko da iyaye za su yi, kuma ban raina ta ba. Kuɗin makaranta ya hau, yajin aiki yana cinye shekaru, na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka, don haka uban da ya sayar da amfanin gona ya biya wa ɗansa rajista yana da haƙƙin ya tambayi me kalangu zai ƙara masa.

Amsata daga ɗakin jinya na samo ta. Shekarun baya, ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti, gadon da ke kusa da namu wata tsohuwa ce Bafulatana da aka kawo daga ruga. Kwana biyu tana fuskantar bango, duk wanda ya yi mata tambaya da Hausa sai ta gyaɗa kai kawai. A rana ta uku wata ɗalibar likitanci, wadda ba Bafulatana ba ce, ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Jam na, Inna?" Tsohuwar ta juyo a hankali ta dube ta. Fulatancin yarinyar bai taka kara ya karya ba, 'yan kalmomi ne na ciwo da ci da barci da ta ce ta koya wurin abokiyar ɗakinta, amma da su tsohuwar ta nuna mata inda yake yi mata ciwo, ta kuma faɗi maganin gargajiyar da ta sha kafin a kawo ta, wanda babu wanda ya sani. Idan wannan ba ya cikin karatun likita, to me ke ciki?

Haka malamin gona, haka likitan dabbobi, haka lauya da ɗan sanda da ɗan jarida, haka wanda za a tura sasanta manoma da makiyaya. Shi ma mai bautar ƙasa da aka jefa Ebonyi ko Ondo, shekararsa ba za ta zama ɗaya da ta wanda ya je yana iya gaisuwa da ciniki ba. Kada mu manta an daɗe ana koyar da Hausa a jami'o'in Landan da Hambug da Waso da Beijin, kuma BBC tana watsa shirye-shirye da ita tun 1957. Waɗanda suka tsallako teku suka koyi harshenmu ba su ɗauke shi ɓata lokaci ba, mu kuma muna ganin harshen wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi bai cancanci awa biyu a mako ba.

Batun addini

Nan ne ya kamata a yi magana da natsuwa. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma akwai ɗalibai da yawa da suka zaɓi su nisance su saboda Allah. Bai halatta a tilasta wa irin wannan ɗalibi riƙe ganga ko shiga rawa don neman maki ba, kuma duk tsarin da zai yi haka ni ma ba na goyon bayansa.

Amma a kan harshe babu wannan saɓani. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah, aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta ce an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. A ƙasar nan tamu, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta hanyar rera su ne jajis, wato malamai mata masu jagorantar ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, suka kai ilimi ga matan ƙauyuka. Ashe hanyar waƙa ba tare da kiɗa ba tsohuwar hanya ce a wurinmu, kuma ɗalibin da ba ya son ganga yana da faffaɗan fili a nan.

Masu tsoron lalacewar tarbiyya su dubi abin da ake yi yanzu. Abin da lasifika take zubawa a filin ranar al'adu ya fi kusa da abin da suke gudu fiye da aji mai malami, inda ake zama a fassara waƙar noma ta Birom baiti-baiti.

"Kiɗa ai na maroƙa ne"

Wannan ba a cika faɗinta a fili ba, amma tana nan a zukata, kuma ita ce ta zaunar da tsofaffin nan a gindin bishiya kamar waɗanda aka ɗauko sauke kaya. A sassan nazarin Hausa an rubuta kundaye masu yawa a kan makaɗan fada da na noma da na dambe, mutane sun zama daktoci da farfesoshi da baitocinsu, amma kotso da taushi da gurmi ba su shiga aji ba. Jami'ar Nsukka tana koyar da kiɗa a matsayin fanni tun farkon shekarun 1960, a jami'o'inmu na can Arewa kuwa da wuya ka sami inda ɗalibi zai koyi riƙe kukuma. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, wato ta amince cewa abin da ke bakinsa da kalangunsa ilimi ne. Idan ilimi ne a ranar ba da digiri, ilimi ne a ranar Litinin da safe.

"Turanci ya ishe mu, Hausa kuma kowa yana ji"

Turanci ya isa a ci jarrabawa, amma je ka yi wa abokinka ta'aziyyar mahaifiyarsa a ƙauyensu da shi, ka ga yadda kalmomin za su tsaya a bakin ƙofa. Masu tsoron kada Hausa ta yi rauni kuwa, su tuna yadda ta yi ƙarfi tun farko. Galadima da Ciroma da Yarima daga Kanuri muka samo su. Agogo da ashana daga Yarabanci. Raƙumi da takobi daga wajen Buzaye. Ita kanta kalmar "kawu" da ɗan ƙanwata ya kira ni da ita, tare da baffa da goggo, Fulatanci ce. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tsaya jiran kowa ya koyi Hausa ba kafin su yi ciniki, kuma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarabawa, bai samu ba sai da aka zauna tare aka san lagon juna. Mu ne muka gaji harshe mai faɗi muka mayar da faɗinsa dalilin zama wuri ɗaya.

Ba na cewa koyon harshe da waƙa zai hana rikici. Fitinar da ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, a tsakanin ɗalibai ta fara, kuma rashin harshen magana ba shi ne ya haddasa ta ba. Abin da na yi imani da shi bai kai haka girma ba, amma yana da muhimmanci: jita-jita ta fi gudu a inda mutum ba shi da ko aboki ɗaya a ɗaya ɓangaren da zai kira ya tambaya ko gaskiya ne, kuma irin wannan abota ba ta ƙulluwa da ɗaukar hoto cikin kayan gargajiya.

Abin da jami'a za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba

Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Akwai kuma darasin nan na dole a kan al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, wanda a mafi yawan wurare ɗaruruwan ɗalibai ne suke cunkushewa a babban ɗaki, su haddace takarda, su zuba a jarrabawa, su manta. Me zai hana a mayar da rabinsa aiki? Kowane ɗalibi ya zaɓi harshen Nijeriya guda da ba nasa ba, ya yi zango ɗaya yana koyon gaisuwa da ƙirga da ciniki da tambayar lafiya da waƙa ɗaya tare da ma'anarta, a ƙarshe a jarraba shi da baki.

Za a ce ina malamai. Gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala ne domin ta yarda cewa harshe a cikin masu shi ake koyonsa. Ɗakin kwanan ɗalibai irin wannan ƙauye ne da ba a kashe ko kwabo wajen gina shi ba, domin masu harsunan suna kan gadaje sama da ƙasa. Abin da ake bukata shi ne sashen harsuna ya tsara darasin, ya zaɓi ɗaliban da za su koyar, ya sa musu ido, a ba su maki ko ɗan alawus. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero ta shafe shekaru fiye da hamsin tana aiki a kan Hausa da Fulatanci da Kanuri, kuma akwai cibiyar harsunan Nijeriya ta ƙasa a Aba, saboda haka ba daga tushe za a fara ba.

Ita ma ranar al'adu a sauya mata doka ɗaya: kowace rumfa, bayan ta nuna nata, ta fito da waƙa ko gaisuwar wata rumfar da aka haɗa ta da ita tun farkon zango. Idan 'yan Kano ne za su rera waƙar Tibi, dole su yi makonni suna zuwa wurin Tibi ana gyara musu, kuma a ranar bikin Tibi ne za su fara tashi tsaye su ji yadda aka yi da waƙarsu.

Makaɗan gari kuma a daina ɗauko su na minti goma sha biyar. Kafin in bar filin na je na gaida tsohon nan mai kalangu, na tambaye shi inda yake zaune. Unguwarsu tana bayan katangar jami'ar ne, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙafa, kuma ya ce a cikin 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki sana'ar. A ba shi ɗaki da yammacin kowace Laraba, a rubuta sunansa a jadawali kamar kowane malami mai ziyara, a biya shi a ƙarshen wata, a bar ƙofa a buɗe ga duk ɗalibin da yake so, ko daga wace rumfa ya fito.